Taku Uku Bayan Turke

Da aka kira sunansa, Jatau ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta bugi katakon akwatin da ake tsayar da waɗanda ake tuhuma. Matarsa Kulsumu ta ji ƙarar daga bencin baya inda take zaune, ta runtse ido kamar ita ta buge. Rigar da ta kai masa da ƙaramar salla ce a jikinsa, amma yanzu kafaɗunta sun zubo, wuyanta ya yi masa yawa. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, irin na mai neman a ba shi dama.

"Ranka shi daɗe, ina da magana."

"Yi shiru!" in ji ɗan sandan kotu. "Ba a tambaye ka ba."

Jatau ya sauke hannun a hankali. Alƙali bai ko ɗago kai ba. Ya juya takarda biyu, ya yi magana da Turanci cikin muryar wanda ya gaji da maimaita abu ɗaya. Tafinta ya juyo ya fassara: kotun nan ba ta da hurumin sauraron wannan ƙara, a mayar da wanda ake tuhuma ajiya a gidan yari, an ɗage zama sai bayan wata biyu.

Duka-duka ba a yi minti biyar ba. Ita kuwa tun da sanyin safiya ta baro ƙauyensu. Ta hau babur zuwa Gurbin Ɓore, ta shiga mota zuwa Zurmi, ta sake wata zuwa Ƙaura, daga nan ta kamo hanyar birni, duk inda daji ya yi duhu bakinta na motsi da addu'a kada 'yan bindiga su tare su.

Hurumi. A garinsu, hurumi fili ne da ake bari a bayan gari, ba mai noma shi, dabbobi su yi kiwo, a gefe guda kuma a rufe mamata. Shekara uku ke nan tana jin kalmar a bakin masu baƙaƙen riguna, har yau ta kasa gane yadda mutum mai kujera da sandan hukunci zai ce ba shi da fili.

A waje, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, Barista Ogechi ta same ta. Lauya ce da ke ɗaukar shari'ar marasa galihu kyauta. A Ƙaura aka haife ta, kakanta jirgin ƙasa ya kawo shi aiki bai sake komawa kudu ba, don haka Hausar bakinta ta Zamfara ce tsantsa.

"Maman Mardiyya, sai haƙuri. Yau ma dai hakanan."

"Barista, don Allah ki sake hwaɗa mini. Wa ke da hurumin nan? In na san shi, sai in tahi in durƙusa mishi."

Ogechi ta juya fayil ɗin hannunta, ta ja layi da biro a bayansa. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a ƙasan layin, ɗaya a sama.

"Wanga mijinki ne, nan yake tsaye, Najeriya. Wanga yayanki ne, nan ya faɗi, Nijar. Wannan kotu ƙarama ce, ba ta shari'ar rai, ajiya kawai take yi. Babbar kotu tana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Ma'aikata ta ce rai a Nijar ya fita, can ya kamata a yi shari'a, amma ba a miƙa mutum ga wata ƙasa sai ita ta rubuto ta nema. Su kuma can sun ce faɗan a Najeriya aka soma shi, mai laifin ɗan Najeriya ne, yana hannun Najeriya, me za su nema?"

Kulsumu ta daɗe tana kallon ɗigon biyu. Tsakaninsu bai kai faɗin farcenta ba.

"To shi fa? Ba wanda zai tambaye shi ko ya yi ko bai yi ba?"

Ogechi ta rufe biron. A daidai lokacin motar gidan yari ta tashi, baƙa, mai 'yan tagogi kamar na akurki. Yatsu sun leƙo ta kowace taga. Kulsumu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta iya gane na mijinta ba.

* * *

Tungar Ƙirya, ƙauyen Jatau, tana Najeriya. Tudun Aduwa, inda aka haifi Kulsumu, tana Nijar. In iska ta juyo daga arewa, ana jin kiran sallar wannan a waccan. Kaka ɗaya ya sari dajin duka biyun, kuma mahaifin Jatau da mahaifin Kulsumu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da aka ɗaura musu aure, ba wanda ya ce an kai amarya wata ƙasa. An ce dai an kai ta gidan baffanta.

Gonar gado tana tsakanin ƙauyukan biyu. A tsakiyarta akwai wani turken siminti da ya kai ƙugun mutum, lambobin jikinsa sun goge. Kowa ya san turken iyaka ne, amma amfaninsa a wurin mutanen nan bai wuce ɗaure jaki ba. Iyakar da suka damu da ita daban ce: layin gamba da ya raba kason Jatau da na Rufa'i, yayan Kulsumu. Da rani wuta ta ci gambar. Da damina ta faɗi aka zo noman fari, sai kowannensu ya ga kamar ɗan'uwansa ya shigo masa da kunya biyu.

Kunya biyu. Abin da za su bayar na gero bai wuce dami ɗaya ba.

Kulsumu tana daka a tsakar gida, 'yarta Mardiyya tana goye a bayanta, ta ga Jatau ya wuce ta ƙofar gida bai shigo ba. Gaban rigarsa jini ne. Gidan mai gari ya nufa da ƙafarsa, ya zauna a zaure, ya ce a kira hukuma. Kafin 'yan sanda su iso, mutanen Tudun Aduwa sun kira jandarmomin Nijar. Suka zo suka auna, suka ce gawa tana taku uku bayan turke, a ƙasarsu. Suka ɗauki gawar, suka ɗauki garmar da aka samu a gefenta. Da yamma aka tafi da Jatau kudu. Mutumin yana nan, garma da kabari suna can.

Magana ta rabu biyu. A Tudun Aduwa an ce Jatau ya ɗaga garma ya sari Rufa'i a ƙeya. A Tungar Ƙirya an ce kokawa ce, tsautsayi ya gitta. Ita Kulsumu tana tsakiya, ta yi wa yayanta kuka, ta yi wa mijinta, har ta kai in hawaye ya zubo ba ta san na wane ne ba.

Ba ta taɓa tambayarsa ba. Ziyarar gidan yari minti kaɗan ce, ta bayan waya, mutum ashirin na ihu lokaci ɗaya, gandiroba na tsaye a kai. Barista kuma ta ja masa kunne kada ya buɗe baki a kan abin da ya faru sai a gaban alƙali. Amma ko da an ba su yini guda su kaɗai, Kulsumu ta san ba za ta tambaya ba. Tana tsoron amsar, kowacce ce.

* * *

Mahaifiyarta, Inna Tumba, ba ta hana ta shiga gida ba, ba ta kuma taɓa ce mata ta rabu da mijinta ba. Sai dai tun ranar ba ta sake kiran sunan Jatau ba, alhali ita ta yaye shi yana yaro da uwarsa ta kwanta ciwo.

Wata ranar Juma'a Kulsumu ta same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Ta zauna ta sa hannu.

"Kin tahi wajensa?" in ji Inna Tumba.

"Na tahi, Inna."

"Sun tambaye shi?"

"Ba su tambaye shi ba."

Tsohuwar ta watsa ɓawon da ke cinyarta. "Ni ba ransa nike so ba, Kulsumu. Mi zan yi da ransa? Wanda ya tahi ya tahi. So nike shi tsaya gaban alƙali, shi dafa Alƙur'ani, shi hwaɗi yadda anka yi. In tsautsayi ne, in ce na yafe, kowa shi ji. In da gangan ne, in san abin da nike yafewa. Amma ba ni yafe abin da ban sani ba."

"In ya hwaɗa mini, in zo in gaya miki fa?"

"Ke matarsa ce. In kin ce tsautsayi ne, garin nan za su ce mi?"

Washegari Kulsumu ta ɗauki shawarar kanta, ta tafi barikin jandarmomi da ke garin gaba. Wanda ta samu a teburi bai wulaƙanta ta ba. Ya ba ta kujera, ya sa aka binciko takardun. Har garmar ya nuna mata, tana jingine a kusurwar wani ɗaki tare da tsofaffin babura, an ɗaura mata 'yar takarda a ƙota, bakinta ya yi tsatsa.

"Madam, mu mun gama namu," in ji shi. "Mun rubuta, mun aika sama. Daga can sai Yamai, daga Yamai sai Abuja. In sun kawo shi, a yi shari'a gobe."

"Sun ce ku za ku nema."

"Mu kuma an ce mana su za su yi tasu, tunda nasu ne." Ya buɗe tafukan hannunsa. "Ni ƙaramin ma'aikaci ne."

Da ta fito, ta tsaya a bakin hanya tana lissafi. Daga inda mijinta yake kwana zuwa inda garmar take jingine, mota za ta kai mutum kafin la'asar. Takarda kuwa sai ta yi tafiyar da Kulsumu ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ta je manyan birane biyu, kafin ta haɗa su.

* * *

Mutum ɗaya ne ya ga abin da ya faru: Baba Sodangi, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasu. Ya haura tamanin. Tun a makon farko ya ce a shirye yake ya yi rantsuwa, amma ba ya faɗin abin da ya gani a dandali, don shaida ba hira ba ce. Duk wanda ya matsa masa, amsarsa ɗaya: sai gaban hukuma. 'Yan sanda ba su zo ba, don sun ce ba shari'arsu ba ce. Jandarmomi ba su zo ba, don gidansa yana Najeriya.

A shekara ta huɗu Barista Ogechi ta ce ba za ta ƙara jira ba. Ta hau babur da kanta, ta sha rana da yashi, ta iso Tungar Ƙirya da takarda da biro don ta rubuta shaidarsa. Kulsumu ta raka ta. Suka same shi a kan buzu a ƙofar gida, idanunsa sun yi fari fat da yana.

"Baba, ga lauyar da ke tsaya wa Malam Jatau. Ta zo ta ji abin da ka gani."

"Madalla, madalla. Zauna, ɗiyata." Ya juya fuskarsa wajen da ya ji motsin takarda. "Kin san wanga abu ba yau anka fara shi ba?"

"Wane abu, Baba?"

"Ajiye mutum a manta da shi. Ubana ya ba ni labari. Zamanin Nasara, akwai wani Barmo, mutumin can arewa. Faransa sunka kama shi aikin tilas, ya bugi dogarinsu ya gudo nan. Kumandan Faransa ya aiko a ba shi mutuminsa. Baturen Ingila da ke wanga yanki ya ce a'a, inda anka yi bugun ƙasarsa ce, shi ke da shari'a. Kumandan ya ce ƙarya ne, ƙasarsa ce. Sunka zo da igiyar awo da madubin hange, sunka yi ta gardama. Shi kuwa Barmo an sa mishi marin ƙarfe a ƙafa, an aje shi gidan mai gari. Masu doki na kai takarda, suna kawo takarda. Damina biyu."

"Daga ƙarshe wa ya yi nasara?" in ji Ogechi.

"Sunka shirya. Sunka kafa turken nan da kike gani, sunka ci abinci tare cikin laima, kowa ya hau dokinsa. Sai da sunka yi nisa mai gari ya tuna ba a ce mishi komi ba a kan Barmo." Tsohon ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ai dama ba don shi suke yi ba. Ƙasa suke rabo. Ubana ya ce da anka cire marin, ƙafar ta riga ta shanye."

Ogechi ta gyara zama. "To Baba, mu dawo ranar da Rufa'i ya rasu. Ina kake tsaye?"

"Ina gonata. Na ji hayaniya, na ɗago." Goshinsa ya tattare. "Na ga sun riƙe juna. Sai Barmo ya…"

"Jatau, Baba," in ji Kulsumu a hankali.

"Jatau, i. Jatau. Sai dogarin ya faɗi."

"Rufa'i, Baba. Yaya Rufa'i."

"Shi fa." Ya shafa buzun da tafin hannu kamar mai neman abin da ya faɗi. "Garmar tana ƙasa. Ko tana hannunsa? Dakata. Da na san shi sarai, wallahi. Kullum sai na maimaita shi a raina don kada shi ɓace, ina jiran su zo. Shekara nawa yanzu?"

"Huɗu, Baba."

"Huɗu." Ya jinjina kai. Hawaye ya taru a fararen idanun. "Ku gafarce ni, ɗiyana. Na riƙe muku shi iyakar ƙarfina."

Ogechi ta daɗe da biro a kan takarda, ba ta rubuta komai ba. A hanyar komawa bakin babur, Kulsumu ta ga lauyar ta juya baya tana goge fuska da gefen gyalenta.

"Laifina ne," in ji Ogechi. "Da na zo tun shekarar farko. Na zauna ina rubuta wasiƙu, ina jiran a ce ga kotun da za ta saurare shi."

"Kowa jira ya yi, Barista," in ji Kulsumu. "Har ni."

* * *

Sau biyu ana rufe iyaka a cikin shekarun nan. Mutanen ƙauye ba su fasa ratsa gonaki suna gaisuwar suna da ta mutuwa ba, amma takardun hukuma ba su san hanyar gona ba. Duk lokacin da aka rufe, sai Ogechi ta ce abin da aka fara ya tsaya cik. In an buɗe, wanda ya san zancen an yi masa canjin wurin aiki, sai a koma farko.

A rufewa ta biyu ne aka aiko wa Kulsumu cewa jikin Inna Tumba ya yi tsanani. Ta bi ta gonar gado, wadda tun ranar ba wanda ya sake sa mata garma, sabara da tumfafiya sun cinye ta. Ta iske tsohuwar kwance a kan tabarma, ta zama kamar kara. Matar Rufa'i ta daɗe da kwashe 'ya'yanta ta koma wajen danginta can arewa, gidan ya zama kango.

Inna Tumba ta kama hannunta. "Sun tambaye shi?"

Kulsumu ta so ta yi ƙarya. Kalmar ta zo har bakinta: sun tambaye shi, Inna, ya rantse, tsautsayi ne. Wa zai sani? Tsohuwa za ta tafi da sanyin zuciya, shi kuma ya samu yafiyar da yake nema. Amma idanun uwarta suna kanta, idanun da ba ta taɓa iya yi wa ƙarya ba tun tana yarinya.

"Ba su tambaye shi ba, Inna."

Tsohuwar ta lumshe ido. "To ki ce mishi ban ƙi ba. Na aje mishi yafiyar, ba a zo karɓa ba."

Bayan kwana biyu aka rufe ta kusa da ɗanta.

* * *

Shekara shida da wata huɗu, ranar wata Talata, Ogechi ta kira ta a waya ta ce ta zo Ƙaura maza. Ofishin lauyar ɗaki ɗaya ne a kusa da tsohuwar tashar jirgi. Da Kulsumu ta ɗaga labule, ta ga wani dattijo zaune a kan benci, gemunsa fari, da leda baƙa a cinyarsa. Sai da ya ɗago ta gane Jatau ne.

"Wani babban alƙali ya kai ziyara gidan yari don rage cunkoso," in ji Ogechi. "Na sa sunansa a cikin waɗanda suka daɗe ba shari'a. An sallame shi."

"An wanke shi ke nan?"

"A'a."

"To an same shi da laifi, an ce zaman da ya yi ya isa?"

"Shi ma a'a. An dai sallame shi." Ogechi ta miƙa mata wata 'yar takarda mai hatimi. "Ki gaya masa kada ya ƙetare iyaka. Can har yanzu sunansa na cikin littafinsu. In sun gan shi za su kama shi, a sake sabon lale."

Jatau ya yi gyaran murya. Muryarsa ta dushe. "Barista, na ce wa alƙalin ina da magana. Ya ce in gode wa Allah in tahi gida."

Suka shiga mota. Ya zauna a takure, hannuwansa a tsakanin cinyoyi, ko da yake kujerar da sauran wuri. Sai da suka wuce Zurmi ya tambayi Inna Tumba. Kulsumu ta gaya masa, ta kuma isar da saƙon kamar yadda aka ba ta, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ya juya fuska wajen taga. Har suka sauka bai juyo ba.

Mutanen Tungar Ƙirya sun zo barka, amma ba su daɗe ba. Ba wanda ya san irin gaisuwar da ta dace: ta wanda aka zalunta, ko ta wanda ya tsallake rijiya. Daga Tudun Aduwa ko mutum ɗaya bai zo ba. Mardiyya, wadda yanzu ta isa zuwa rijiya da ƙaramin tulu, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida baƙo, ta koma bayan uwarta.

* * *

Kwana uku da dawowarsa, da hantsi, Kulsumu tana zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Yarinyar ta tafi makaranta. Jatau ya fito daga ɗaki sanye da wankakkiyar riga, ya zo ya tsaya a gabanta, ya haɗa hannuwansa a baya.

"Kulsumu, ina so ki saurare ni. Ke kaɗai kika rage cikin jininsa da za ta ji."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. "Malam, ka bari ka huta tukuna."

"Na huta shekara shida."

Ya kafa idonsa a katangar da ke bayanta, ya fara. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Ya faɗi ranar, da yadda ƙasa take da danshi. Maganar tana fita a jere, ba gargada, ta ji alamar ya maimaita ta sau dubu shi kaɗai.

"Ya ce na ci mishi kunya biyu. Na ce shi ya ci mini. Ya zagi ubana, wanda shi ma baffansa ne. Munka riƙe juna. Garmarsa tana ƙasa a bayansa, bakinta sama. Na ture shi. Ban sare shi ba, Allah shi ne shaida, hannuna bai taɓa garmar ba. Ya yi baya-baya, ya faɗi a kanta."

Kulsumu ta ajiye faifan. Ta buɗe baki za ta ce alhamdulillahi.

"Ban gama ba," in ji Jatau.

Ta rufe bakin.

"Na ga garmar kafin in ture shi. Na gan ta. Ban sani ba ko na tuna da ita lokacin da na tura, ko ban tuna ba. Kullum sai na koma wurin, in duba, in kasa ganewa. Kuma da ya faɗi, ban ruga ba. Na tsaya. Yana kallona, bakinsa na motsi, ni kuwa zuciya ba ta sauka ba, na ce a raina bari shi ɗanɗana. Ban san tsawon tsayuwar ba. Ƙila ƙiftawar ido ce, ƙila ta kai a sha ruwa a aje kwanon. Sannan na durƙusa na ɗauki kansa. Lokacin ya tahi." Ya gyara tsayuwa. "Shi ke nan abin da na sani. Shi na so in hwaɗa wa alƙali, shi da ya yi karatu, shi gaya mini sunan abin da na yi. In kisa ne, a yi mini hukuncin kisa. In kuskure ne, in yi azumin kaffara, in roƙi Inna. Yanzu ban san wanne zan tuba a kai ba."

Ya sauko da idonsa kanta, yana jira.

Kulsumu ta dubi mutumin da ke gabanta. Ta tuna Rufa'i yana ɗora ta a wuya ya tsallaka da ita rafi ranar kasuwa. Ta tuna wannan ɗin ma, yana saurayi, ya kawo mata ɗinya a cikin hularsa yana jin kunyar miƙawa. Ta nemi fushi a cikin ranta, ta same shi. Ta nemi tausayi, shi ma yana nan, a wuri ɗaya, ba wanda ya ture wani. Shekara shida tana bin motoci don a samu wanda zai ɗauke mata wannan kaya, ga shi an zagayo an sauke mata shi a tsakar gidanta.

"Ka ci abinci, Malam," ta ce daga ƙarshe.

Ta tashi ta shiga madafa, ta ɗumamo tuwon jiya, ta zuba miya, ta kawo ta ajiye a kan tabarma kusa da ƙafarsa. Ta koma ta ɗauki faifanta.

Inuwar katanga ta janye daga kansa, rana ta hau ƙeyarsa. Kaji suka matso suna leƙen kwanon. Tururin tuwon ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Jatau yana nan tsaye, hannuwansa a baya, ita kuma tana ta tsince waken da ta riga ta gama tsincewa.